Sauke giyar Hilux a tsakar gida don canza kuloci: zai yiwu?

Wani ɗan'uwa daga Azare ya aiko da tambaya. Yana da Hilux ta 2010, mai fetur, giyar hannu, mai jan ƙafa huɗu. Ya ce in ya loda buhunan gero ya fuskanci tudu, sai inji ya dinga ihu mota ba ta gaba, har wani ƙauri yake ji kamar ana ƙona tsumma. Birki da juyen mai duk da kansa yake yi, yana da jak da akwatin sifanu, ga ƙannensa biyu majiya ƙarfi, amma ba shi da rami. Yana so ya san ko zai iya sauke giyar a gida ya canza kuloci, ko dai ya haƙura ya kai gareji.

Malam, zai yiwu. Na yi wannan aiki a kan rami, na yi shi a gindin darbejiya ina kwance a kan kwali. Babu wani siddabaru a cikinsa, notuna ne ake kwancewa a mayar. Abin da ke ba mutane kunya biyu ne: nauyin giyar, da kuma sa ƙarfi a inda abu ya ƙi shiga. In ka ji kana neman guduma ko dogon bututu a wannan aiki, to akwai abin da ka tsallake, koma ka duba.

Kafin ka sa sifana, tabbatar kulocin ne da gaske. Bayaninka ya yi kama da kulocin da ke zamewa, amma gwada shi. Samu fili, ja birkin hannu, sa giya ta 4, ka ɗan ba da totur kana sakin kuloci a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe inji nan take. In ƙafarka ta bar feda inji na ci gaba da kuka, to yana zamewa. Sau ɗaya ya isa, kada ka yi ta maimaitawa kana ƙara gasa shi. Daga nan sai ka sunkuya ka danna fedar da yatsa. Dole a samu ɗan wasa kafin ta fara tauri, Toyota ta ba da tsakanin milimita 5 zuwa 15. In babu wasan ko kaɗan, mai yiwuwa wani ne ya taɓa tsawaita sandar da ke tura kulocin sama, wato famfon man da feda ke dannawa, mai ya kasa komawa gwangwaninsa, sai ya zama kamar kullum ƙafarka na kan feda. Na taɓa ganin wanda ya sayo kaya kaf, ya sauke giya, ashe matsalarsa noti ɗaya ce a ƙarƙashin sitiyari. Haka kuma in damuwar mota ita ce giya na ƙin shiga, ko tana ƙara in za a sa ribas, ko feda ta yi laushi tana nutsewa, a fara da kulocin sama da na ƙasa, wanda ke jikin giya, da man da ke cikinsu. Waɗannan ba sa bukatar sauke komai.

To mun ɗauka ya tabbata. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka haɗa kaya tukuna. Sayi saiti cikakke: faifan da ke da fata gaba da baya, wanda muke ce wa filet, da murfin ƙarfen da ke matse shi, wanda 'yan kasuwa ke ce wa dis, da rilis boris, wato boris ɗin da ke danna dis in an taka feda. Ƙara da ɗan ƙaramin boris ɗin da ke zaune a gindin karanshaf, babbar sandar da inji ke juyawa, inda kan sandar giya ke shiga. Wannan ƙaramin shi ne kowa ke mantawa, ga shi kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma in ya fara kuka sai an sake sauke giya kafin a kai gare shi. Kada ka yarda da shawarar a canza filet kaɗai a bar tsohon dis. Yatsun dis sifirin ne, ya sha zafin da ya ƙone filet ɗin, ƙarfinsa ya ragu. Sabon filet a ƙarƙashin gajiyayyen dis ba ya daɗewa. Aisin na cikin masu yi wa Toyota kuloci tun daga masana'anta, Exedy ma kaya ne na kirki. Sai dai kwali ba shaida ba ne, ana buga kwalin kowa. Ko a Ƙofar Ruwa za ka saya a Kano, ko Panteka a Kaduna, je wurin wanda ka sani, ka tafi da lambar shasi, in da hali ka jira sai ka ciro tsohon ka tafi da shi a ɗora ɗaya kan ɗaya: faɗi, yawan haƙoran tsakiya, tsayin cibiya, ramukan noti. Sunayen filet da dis ma rikicewa suke a kasuwa, abin da wani ke kira dis shi wani ke kira filet, don haka nunawa da hannu ya fi faɗa da baki.

Kayan aiki ba su da yawa. Soket da sifanu masu lamba 10, 12, 14 da 17 su ne za su yi kusan komai, sai 24 na notin man giya. Kana bukatar dogayen sandunan ƙarin soket da za su haɗu su kusa mita ɗaya, da gwiwar nan mai lanƙwasa, don notunan saman giya. Kana bukatar sifanar awon ɗauri, ko ta aro ce. Sai abin daidaita filet. Wasu saitin kan zo da na roba a ciki, in babu ka nemi tsohuwar sandar giya irin ta motarka wurin masu kwancen mota, ta ma fi na robar.

Yanzu maganar da na fi so ka ji da kunnen basira. Giyar Hilux haɗe da ƙaramar giyar da ke raba ƙarfi gaba da baya, wadda muke kira ogzilari, ta fi buhun siminti nauyi nesa ba kusa ba. Kuma buhu ya fi ta mutunci, don shi nauyinsa a tsakiya yake. Ita ogzilari tana rataye ne a baya, ta karkata gefe guda inda farfelar gaba ke fita, don haka da zarar giya ta rabu da inji abin da take so shi ne ta mirgina. Jak ɗin kwalba da ya zo da mota ba na wannan aiki ba ne, kansa bai fi kwabo ba. Nemi jak mai tayoyi, ka ɗaure masa katako mai kauri da faɗi a kai, ka sa 'yan guntayen katako su cike gurbin da ƙasan giya bai kwanta ba, sannan ka ɗaure giyar da katakon da belin ɗaure kaya. In tsakar gidanka ƙasa ce ba siminti ba, shimfiɗa filawud mai kauri, in ba haka ba tayoyin jak za su nutse daidai lokacin da kake so su gangara. Ka jera jak ɗin yadda zai yi tafiya daga gaba zuwa baya, don haka giyar za ta fita. Wanda ke ganin nauyin ya fi ƙarfinsa yana iya raba ogzilari da giya tun suna sama, ya sauke su ɗaya bayan ɗaya. Ya fi cin lokaci, amma ya fi sauƙin sarrafawa.

Motar kanta ta tsaya a wuri mai daidai, a kan ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka, a ƙarƙashin shasi. Ban da bulo. Bulon siminti ba ya gargaɗi, fashewa kawai yake yi. Hilux tana da tsayi, sau da yawa ɗagawa kaɗan ta isa, tunda ba dole ne ka jawo giyar waje ba. In ta ja baya ta sauka ƙasa, ka samu wurin aiki. Sa waigi gaba da bayan tayoyin da ke ƙasa. Ka tuna, da ka cire farfela, barin mota a giya ba ya riƙe ta. A Hilux birkin hannu na kama tayoyin baya ne, to da sauƙi. Amma masu Land Rover Defender da tsohuwar Nissan Patrol su kula, nasu birkin hannun a bayan ogzilari yake, yana kama farfela ne. In ka cire farfela, ka cire birki ke nan. Kuma kada ka shiga ƙarƙashin mota kai kaɗai a gida.

Fara da cire kan batir na ƙasa, wato mai alamar ragi, saboda za ka taɓa kik kuma babbar wayarsa kullum da wuta. Shiga cikin mota ka cire kawunan libobin giya biyu, da robar da ke rufe su. Babbar liba tana da wani ɗan murfi a gindinta da ake dannawa ƙasa a murɗa hagu, sai ta zaro. Ka bar giya a firi kafin ka cire. Ƙaramar libar, ta ogzilari, zobe ne ke riƙe ta, filaya ke fitar da shi. Duba 'yar robar da gindin babbar liba ke zama a kai. In ta ruɓe, ita ce ke sa liba rawa kamar muciya a tukunya, canza ta yanzu da take a fili. Toshe ramukan da tsumma mai tsabta.

A ƙasa, tsiyaye man giya da na ogzilari. Kwance notin cikawa kafin na tsiyayewa, don kada ka zubar da mai sannan ka tarar na cikawar ya ƙi motsi. Kalli man da ya fito: ɗan gari-garin ƙarfe a jikin noti ba komai ba ne, amma gutsattsari ko ƙyalli irin na tagulla labari ne daban. Kafin ka kwance farfela, ta gaba da ta baya, ja layi da fenti a kan kowace mahaɗa, don ta koma yadda ta fito. In ka juya ta, kana iya samun karkarwa a kan titi ka yi ta zargin taya. Kulocin ƙasa notuna biyu ne ke riƙe shi a jikin ƙoƙon giya, wato bakin giyar da ke haɗe da inji ya rufe kuloci; kwance su ka rataye shi gefe da waya, kada ka buɗe bututun mansa, ka huta da cire iska. Sai dai ka gargaɗi yaran gida kada wanda ya taka feda, in aka taka fistin ɗinsa zai yi tsalle waje. Cire kik, cire wayoyin fitilar ribas da na alamar ƙafa huɗu da na awon gudu, da maƙalar salansa da ke jikin giya. Ɗauki hoto da waya a kowane mataki. Notunan ƙoƙon giya ba tsayinsu ɗaya ba, ni kwali nake samu in zana da'ira in huda in soka kowane a gurbinsa.

Sa jak ya ɗauki nauyin giya, ɗaure ta, sannan ka kwance sitin giya da gadar ƙarfen da take zaune a kai. Yanzu sauke jak a hankali, wutsiyar giya ta yi ƙasa. Inji zai karkata baya tare da ita, don haka ƙaninka ɗaya ya tsaya a gaba yana kallon fanka kada ta daki murfin lagireto, yana kallon bayan inji kada ya matse bututu ko waya a jikin bodi. Wannan karkatawar ita ke buɗe maka hanyar notunan sama guda biyu, waɗanda za ka kamo daga can baya da doguwar sandar soket ta saman giya. Sa wani jak da katako a ƙarƙashin inji ya tallafe shi. Bar notuna biyu na gefe su zama na ƙarshe.

Da an cire su, sai a ja giyar baya, a miƙe. Tana zaune a kan 'yan turaku biyu da ke daidaita ta da inji, wani lokaci tsatsa kan riƙe su, girgizawa hagu da dama ke sakinsu. In ta ƙi, lissafa notunanka, akwai wanda ya saura. Kada a sauke jak sai sandar giya ta fita daga cikin kuloci gaba ɗaya, kuma kada a bar nauyin giya ya rataya a kan sandar ko na daƙiƙa ɗaya. Mutum ɗaya a kan jak, ɗaya riƙe da ogzilari yana hana ta mirginawa, kai kana gefe kana ba da umarni. Gefe na ce, ba ƙarƙashinta ba. In ta kuɓuce a bar ta ta faɗi, ana sayen giya a kasuwa.

Ga kuloci a gabanka. Kwance notunan dis kaɗan-kaɗan, kana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, hannu ɗaya a kai don filet zai zamo ya faɗo. Ƙurar da ke ciki kada ka hura ta da baki ko da iska, tsoffin fatun kuloci da wasu na araha suna da asbestos mai lalata huhu. Goge da jiƙaƙƙen tsumma.

A nan ka dakata ka karanta abin da ka ciro, domin tsohon kuloci yana faɗin abin da ya kashe shi. In fatar ta cinye har ta zo daidai da kawunan ƙusoshin da ke riƙe ta, tsufa ne kawai. Ma'aunin Toyota shi ne in zurfin kan ƙusa ya gaza milimita 0.3 filet ya gama aiki. In fatar na da sauran kauri amma ta yi baƙi tana sheƙi, ƙarfen dis ya yi shuɗi-shuɗi, zafi ne: lodi da riƙe rabin kuloci. In kuwa ta jiƙe da mai, to ba kuloci ne mai laifi ba, sil, robar da ke tare mai, shi ne ke yoyo, kuma sabon da za ka sa haka zai jiƙe. Shinshina man. Man giya yana da wari mai hawa kai kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, in shi ne to sil ɗin sandar giya ne. In baƙin mai ne, sil ɗin bayan karanshaf ne, wanda ke bayan filawil, babban faifan ƙarfen da ke gindin inji da filet ke kwantawa a kansa. Amma leƙa sama tukuna, don wani lokaci daga murfin saman inji mai ke gangarowa ya yaudare ka. Ra'ayina a kan sil ɗin karanshaf: in motar ta yi tafiya mai yawa ko akwai alamar danshi, canza shi da na asali. In a bushe yake ƙaƙas kuma abin da ke hannunka na araha ne, bar na Toyota a wurinsa.

Filawil shi ne rabin kuloci, mutane na raina shi. Shafa farce a fuskarsa. In santsi ne, ba kwari ba tudu, goge shi da sanfefa ka kashe sheƙin, ka wanke. In akwai tabon zafi, ko kwari da farce ke maƙalewa, ko 'yan tsage-tsage, kwance shi ka kai wa masu injin gyaran ƙarfe su share fuskar. In tsagar ta yi zurfi, ko ta nufi ramukan noti, nemi wani. Sabon filet a kan filawil mai tabo shi ke sa mota karkarwa in za ta tashi, kamar mai jin sanyi. In filawil mai hawa-hawa ne, a gaya wa mai gyaran ya kiyaye zurfin hawan yadda yake, in ba haka ba matsin dis zai canza. Wasu motocin dizal, irin Nissan Navara D40, suna zuwa da filawil mai ɓari biyu da sifirin a tsakani. Wannan ba a share shi, canzawa ake yi. Notunan filawil kowane inji da awonsa, wasu ma bayan awo sai an ƙara murɗawa da kusurwa, saboda haka bi littafin injinka, ka ɗaure a tsallake, da ɗan maganin hana kwancewa a zaren.

Ƙaramin boris ɗin gindin karanshaf yana da dabarar da yaran gareji ke jin daɗin gani. Cusa burodi ko jiƙaƙƙiyar takarda ta ramin tsakiyarsa har bayan ya cika, samu noti ko ƙarfe da ya cike ramin daidai, ka buga. Ƙara burodi, ka sake bugawa. Bayan 'yan zagaye za ka ga boris yana fitowa da kansa, burodin ne ke turo shi daga baya. Share ramin tas, ka shigar da sabon da soket da ya hau bakin zoben waje, ba na ciki ba, kana bugawa a hankali har ya zauna.

Koma kan giya. Zare tsohon rilis boris da fok ɗin da ke tura shi. Duba fok ko ya tsage, musamman inda yake zama a kan ɗan ƙwallon da yake juyawa a kai, da bututun da boris ke zamewa a kansa. Wanke haƙoran sandar giya da buroshi, ka gwada sabon filet a kanta tun yanzu, ya shiga ya fita ba tare da cijewa ba. Giris kaɗan ake sawa: shafe a haƙoran, a kan ƙwallon fok, da inda fok ke taɓa boris. Zura filet ka zare, ka goge duk abin da ya taru a baki. Giris da ya yi yawa juyawa zai watsa shi kan fata, ka dawo gidan jiya. Shi rilis boris a rufe yake da giris ɗinsa, kada ka wanke shi da fetur.

Sabon dis yana zuwa da man hana tsatsa a fuskarsa, wanke shi, ka wanke filawil, ka wanke hannunka. Filet yana da gaba da baya. Yawanci an rubuta gefen da ke kallon filawil ko giya, in ba a rubuta ba, gefen da cibiya da sifirin suka fi tudu shi ke kallon giya. Ɗora shi a kan filawil ka juya, in wani abu na gogar notuna to ka juya shi. Zura abin daidaitawa ta cikin filet har cikin ƙaramin boris, ɗora dis a kan turakunsa, ka kama notuna da hannu. Ɗaure su rabin zagaye rabin zagaye, a tsallake, kana ɗan ɗaga abin daidaitawar don filet kan zauna ƙasa da nauyinsa. Notunan nan ƙanana ne, a yawancin littattafan Toyota awonsu 19 N·m ne, wanda bai kai ƙarfin da hannu ke so ya sa ba. Idan ka gama, abin daidaitawar ya zaro ya koma cikin sauƙi. In sai ka fizge shi, sassauta ka sake. Minti biyar a nan ya fi awa uku kana kokawa da giya a kwance.

Mayar da giya shi ne inda haƙuri ke ƙarewa. Ga abin da ke taimako. Samu dogayen notuna biyu masu zare irin na ƙoƙon giya, yanke kawunansu, ka tsaga bakin yadda sukundireba za ta kama, ka ɗaura su a jikin inji hagu da dama. Su za su zama layin da giya za ta hau. Sa giya a ta 4, ogzilari kuma kada ta kasance a firi, don in ka juya inda farfela ke ɗaurewa sandar gaba ta juya. Ɗaga giyar har ta yi daidai da inji, ka dubi tazarar da ke tsakaninsu: sama da ƙasa, hagu da dama, duk su zama ɗaya. In sama ta fi ƙasa buɗewa, ba turawa za ka ƙara ba, kusurwa za ka gyara, ko da jak ɗin giya ko da na inji. Tura a hankali ƙaninka na juya bayan. Za ka ji haƙora sun faɗa, juyawar ta yi tauri. Saura ɗan yatsa biyu ta tsaya, wannan kan sanda ne ke neman ƙaramin boris. Girgiza wutsiyar kaɗan kana turawa, za ka ji ta ce ƙwas ta zauna.

A daidai wannan tazara ta yatsa biyu ne shaiɗan ke raɗa wa mutum cewa ya sa noti ya jawo ta. Kada ka yi. Ina yaron gareji na taɓa yi, maigidana ya tafi masallaci ina so ya dawo ya tarar na gama. Noti ya jawo ta kuwa, har na ji daɗi. Da aka tayar da mota giya ta ƙi shiga ko ɗaya, na lanƙwasa cibiyar sabon filet na kuma murƙushe boris. Maigida bai ce mini komai ba, ya miƙo mini sifana 14 ya nuna farfela. Wasu ma ƙoƙon giyar suke fasawa, ga shi na alminiyom ne. In ta ƙi zama, ja ta baya, sha ruwa, sake duba daidaiton filet. Akwai dabarar mayar da kulocin ƙasa a sa wani ya taka feda don filet ya saki ya daidaita kansa, tana aiki, amma sai in giyar ta riga ta hau dogayen notunan nan biyu kuma jak na riƙe da ita.

Da fuska ta haɗu da fuska da ƙarfin hannu kaɗai, sa notuna, cire na jagora, ka tabbata ba waya ko bututu da ya maƙale a tsakani. Kafin ka ci gaba, mayar da kulocin ƙasa ka gwada: giya na ciki, wani ya taka feda, kai ka juya bayan ogzilari da hannu. In ya juya da feda a ƙasa, ya kama da aka saki, aiki ya yi. Gara ka sani yanzu da sauran kaya ke ƙasa. Sauran mayarwa ne: gada da siti, kik, wayoyi, salansa, farfela a kan layin fentinta, libobi. Zuba man giya 75W-90 har ya fara dawowa ta ramin cikawa, mota na tsaye daidai, haka ma ogzilari da man da littafinta ya ce. Ina rataya jarkar man a kan sitiyari tun ranar da na tsiyaye, don na san wanda ya tuka mota da busasshiyar giya. In man kuloci ya yi baƙi, canza shi da man birki DOT 3 ka cire iska, sannan ka sake auna wasan feda.

Ka ware kwana biyu, kada ka fara da yammacin ranar da za ka yi tafiya gobe. Za ka ji sabon kuloci ya fi laushi kuma yana kamawa tun feda na ƙasa-ƙasa, haka yake. Kilomita 500 na farko ka lallaɓa shi, ban da lodi mai nauyi, ban da jan wata mota, fatar na bukatar ta kwanta da filawil. Bayan kwana biyu ka sake shiga ƙasa ka bi notunan farfela da na gada.

Tunda ka ce gero kake ɗauka kana hawa tudu, ina zargin yadda aka yi tsohon ya ƙone. Ƙaramar libar nan ba ado ba ce. In ka shiga yashi ko laka, ko za ka tashi da kaya a kan gangare na ƙasa, tsaya cak, taka kuloci, ja ta zuwa L4, wato ƙafa huɗu mai ƙarfi da tafiya a hankali, ka saki feda gaba ɗaya ka bar giya ta yi aikin. Da ka hau kwalta ka mayar da ita H2, wato ƙafa biyu, don Hilux irin taka ba a tafiya da ita da ƙafa huɗu a busasshen titi. In ka ciro tsohon filet ɗin, turo mini hotonsa gaba da baya, da na fuskar filawil kafin ka goge shi.